Ranar da Ciyawar Ɗana Ta Zama Shinkafa

Jiya motocin ƙungiyar matasa manoma ta ƙasa suka tattake mini kunya tara ta masara. Ba wanda ya ce mini sannu.

Ba kunya taran ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Awakin maƙwabta sun sha yi mini ɓarnar da ta fi wannan, ban kai ƙara ba. Daminar ɗana ce ke neman salwanta ɗungurungum, shi ya sa.

Ga yadda aka yi. Bara na raba gonata biyu, na ba babban ɗana gefen da ke bakin titi, inda ƙasa ta fi riƙe laima. Shekararsa talatin da biyu, da mata da 'ya'ya uku. Na ce masa daga bana rumbunsa daban, nawa daban. Da rani sai ga shi ya shigo gida da koriyar hula, da kati rataye a wuya, da riga mai hoton wani mutum a ƙirji.

"Baba, na shiga ƙungiya. Za a ba mu irin zamani da taki, har da tarakta."

"Wannan na ƙirjinka fa?"

"Shugabanmu ne na ƙasa. Shugaban matasa."

Na sa tabarau na duba. Gemu baƙi wuluk, amma fatar wuya ta tona asiri. In ban girme shi ba, to tare muka yi wasan ƙasa.

Tela maƙwabcina, wanda rediyo ba ya barin kunnensa, shi ya warware mini. Ya ce da can dokar ƙungiya ta ce matashi ya tsaya a talatin da biyar. Da Mai Girma ya kai nan, aka kira babban taro aka mayar da ita arba'in da biyar. Da ya sake cim mata, aka sake turawa gaba. Yanzu an cire lambar baki ɗaya, an rubuta cewa ƙuruciya a zuci take. Wannan wa'adinsa na biyar ke nan. A zaɓen ƙarshe wani jikan sa'ansa ya nemi kujerar, kwamitin tantancewa ya ce yaro ne, bai da gogewa a harkar matasa.

"To ni ma ashe matashi ne," na ce.

"A'a, Dattijo," in ji Tela. "Kai kana noma. Ba ka cika sharaɗi ba."

Ni dai ina jinjina wa Ranka-ya-daɗe. Mutumin da tsufa ya bi shi shekara talatin bai kama shi ba, ai ba ƙaramin jarumi ba ne.

Sai dokar da ta shafe mu. Sakataren reshe, wani mai takalmi mai tsini da jakar takardu, ya zo har ƙofar gida ya yi wa ɗana albishir. An zaɓi gonarsa a matsayin wurin ƙaddamar da daminar bana, saboda tana bakin kwalta, manyan motoci ba za su sha wahala ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada a sa ƙwaya ko ɗaya a ƙasa sai Shugaba ya fara sara da hannunsa. Wanda ya riga shi, an soke sunansa daga jerin masu samun iri.

Ban yi boko mai nisa ba. Amma shekara hamsin da wani abu ina duƙe a kan kunya, ban taɓa jin an aika wa hadari goron gayyata ba. Ruwan shuka in ya sauka, kwana uku yake ba ka. Ka yi, ka yi. Ba ka yi ba, ya wuce.

Ruwa ya sauka ranar wata Laraba. Da safe ƙasa na ƙamshi, na ɗauki sungumi na tsaya a ƙofar ɗakinsa.

"Tashi."

"Baba, mako mai zuwa ne ƙaddamarwa. In na shuka za su cire ni."

"Su cire ka daga me? Kana da wani abu a hannu ne?"

"Irin nasu kwana saba'in yake nuna. Ko an makara zai kama."

"Ka gan shi?"

"Yana hanya."

Na wuce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na shuka nawa gefen, nasa na bar masa. Gona tasa ce, na riga na ba shi, kuma ni ba na mayar da kyauta.

Mako mai zuwa ya zo, Shugaba bai zo ba. An ce ya tafi ƙasar waje taron sauyin yanayi. Yanayin kuwa yana nan yana sauyawa a bayan gidanmu, bai tsaya kallo ba. Aka sa wata rana. Ita ma ta rushe, don kwamitin rumfa da kwamitin kujeru sun saɓa a kan wanda zai fara shiga fili. Aka kafa kwamitin sulhu. Karo na uku kuwa fartanyar da Mai Girma zai yi sara da ita ce ba ta dawo daga wurin mai fenti ba.

Mako bakwai. Masarata ta kai ƙugu. Gefen ɗana ciyawar harƙiya ta rufe shi, kore shar, har gwiwa. Surukata, wadda in tana aiki a tsakar gida ba ta rabuwa da 'yar waƙa, ta yi shiru. Tsohuwata ta same ni a zaure.

"Malam, ka lallashe shi mana. Jikokinka ne za su ji yunwar."

"Na faɗa masa sau ɗaya."

"Sau ɗaya magana ce? Kai da shi duk kanku dutse."

"A wurinki ya gado."

"Allah ya sawwaƙe. Ni ai na iya cewa na yi kuskure."

Na miƙe na nufi gona. Mace in ta faɗi gaskiya, shiru ne maganinta.

Jiya dai aka zo. Tun hantsi aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka shimfiɗa jan kafet daga kwalta zuwa bakin gona don kada takalmi ya taɓa ƙasa. Direbobi suka duba inda za su ajiye motoci, suka ga gefena ya fi tsabta, ba ciyawa, sai suka hau. Ladan nome gona ke nan.

Aka gabatar da manyan baƙi. Mataimakin Shugaba na ɗaya, na biyu, na uku. Mai ba da shawara kan taki. Mai ba da shawara kan mai ba da shawara. Na duba tafin hannuwansu da suke ɗagawa, duk sumul kamar na jarirai. Matasan da aka yi taron dominsu suna tsaye a rana bayan igiya.

Mai Girma ya sauko, mutum biyu na riƙe da shi, don ƙuruciyar ta fi ƙarfi a zuci fiye da gwiwa. Aka miƙa masa fartanya mai ruwan zinariya da ƙyalle a wuya. Ya isa ƙarshen kafet, ya tsaya, ya dubi gonar ɗana. Fuskarsa ta ɗaure.

"Wa ya ba da izinin shuka shinkafa kafin na zo?"

Sakatare ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, zumuɗin matasa ne. Sun kasa haƙuri da jin kana tafe."

Shugaba ya yi murmushi. "An karya doka. Amma tunda ta yi kyau haka, na yafe. Ku duba, jama'a. Wannan shi ne abin da muke faɗa ake cewa ƙarya muke."

Aka yi tafi. Akwai wani a cikinsu da ake kira Daraktan Noma. Ya sunkuya, ya tsinko ganye ɗaya, ya murza, ya sansana. Idonsa ya faɗa cikin nawa. Ya sani, na san ya sani. Ya kau da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, irin nan ne mai jure fari." A nan bai yi ƙarya ba. Harƙiya kam ba fari da ke kashe ta.

Na buɗe baki. Sai na hango ɗana an tsayar da shi kusa da Shugaba don hoto, yana kallon ƙasa, jijiyar wuyansa ta tashi. Na rufe bakina. Wanda ruwa ya riga ya daka ba ya bukatar a watsa masa wani.

Bayan jawabi ɗana ya matsa kusa da Sakatare, ina jin su.

"Yallaɓai, irin fa?"

"An kafa kwamitin rabo. Da zarar an rantsar da su."

"Yaushe?"

"Kai dai ka cika gaggawa. Ka saurara: nan da mako uku baƙi masu ba da tallafi za su zo ganin shinkafar nan. Kada ka taɓa ko ganye ɗaya. An sa sunanka a lambar yabo ta gwarzon matashin manomi."

Mai karatu, in kai manomi ne ka san lissafin. Masara ta riga ta wuce shi. Abin da ya rage wake ne, shi ma in ya shiga ƙasa cikin makon nan. Nan da mako uku sai dai ya shuka lambar yabon, ya ga ko za ta yi toho.

Yau da safe na ɗebi irin wakena, wanda nake adanawa a tulu da toka, na cika ƙwarya na ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ban ƙwanƙwasa ba. Na tafi tayar da abin da zai iya tashi na masarata.

Ban gama kunya biyu ba na ji ƙarar fartanya a ɗaya gefen. Shi ne. Ya tuɓe rigar mai hoto ya rataye a kan ƙaya, koriyar hular kuma ya cika ta da wake. Wannan ne karon farko da na ga kayan ƙungiya sun yi aikin gona. Matarsa na biye da shi tana kwashe ciyawa. Bai dube ni ba, ban dube shi ba.

Can sai ga Sakatare a kan babur, da allo ɗaure a baya, an rubuta Gonar Shinkafar Matasa. Ya taka birki har ya kusa kifewa.

"Kai, me kake yi haka? Shinkafar Shugaba kake sarewa?"

Ɗana ya ci gaba da sara.

Sakatare ya juyo wurina. "Baba, ka yi masa magana. Dukiyar ƙungiya ce fa."

"Ni ba matashi ba ne," na ce. "Ba ni da bakin magana a harkarku."

Ya koma kan ɗana. "Za a soke sunanka. Ba iri, ba taki, ba lambar yabo. Ajiye fartanyar nan, ka jira mako uku kacal."

In Mai Girma na son shinkafarsa, tana nan an tara ta a bakin titi, kafin awaki su riga shi. Ban ga laifin ya aiko kwamiti ba.

Ɗana ya miƙe, ya share gumi da bayan hannu, ya dubi Sakatare ido cikin ido.

"Ba zan ajiye ba, kuma ba zan jira ba."