Ranar da Na Ci Gasar Taliya a Gaban Surukina

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zo na ɗaya a gasar cin taliya ba. Sau ɗaya ke nan a rayuwata da na zo na ɗaya a wani abu, kuma har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse.

A lokacin ina tuƙa tifa a wani kamfanin Italiyawa da ke aikin hanya tsakanin Anka da Gummi, farkon mulkin farar hula, muna cikin jihar Sakkwato tukuna. Saurayi ne ni mai ji da kansa, ga agogo, ga gashi na tara kamar kwando (hoton yana nan, na ɓoye shi kada jikoki su gani). Ban da tuƙi, abu ɗaya aka san ni da shi a sansanin ma'aikata, wato ci. In na zauna gaban kwano, masu hankali kan ja nasu gefe.

Akwai wadda nake nema, Hajara, 'yar Malam Haruna na Adabka. An kai gaisuwar iyaye, saura a sa rana, amma Malam yana ta jan ƙafa. Labari ya iso mini cewa ya ce shi 'yan kamfani ba su kwanta masa ba, don duk wanda ya goga kafaɗa da Turawa kunya takan zube masa. To ni kuwa sai na ɗaura ɗamarar nuna masa kunya. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Cin abinci a gabansa kuwa, wa ya isa? Akwai ranar da aka kawo mini fura da sanyin randa, ana tsakar zafin bazara, maƙogwarona kamar busasshen rafi, amma da na hango shi zaune a zaure sai na ce alhamdu lillahi, yanzu na sha. Shekara guda cur ina wannan wahala. Daga ƙarshe ya sauko, ya ce Baffana ya zo Juma'a ta sama a yi maganar rana.

Injiniyan da ke kanmu shi ne Mista Toni. Kakanninsa Italiyawa ne, amma shi a Amurka aka haife shi, kuma kullum cikin kewar unguwarsu yake. Ya ce can duk shekara in zafi ya yi sukan tare titi, a rataya tutoci, a yi kiɗa, a ci abincin kakanni har a kasa tashi, don kada yara su manta daga inda suka fito. Shekarar nan bai samu hutu ba, sai ya ce to bikin zai zo ya same shi. Watan da suke kira lokacin zafi, mu nan tsakiyar damina ce, gero ya fara fitar da kai, amma wannan bai dame shi ba. Mutum ne mai faran-faran, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, kuma ya san Malam Haruna, don kusa da gonarsa muke ɗibar marmara. Ni da bakina na taɓa nuna masa shi daga cikin mota, ina washe haƙora, na ce wancan dattijon 'yarsa zan aura.

Ranar Asabar aka yi bikin, kuma gaskiya ya yi kyau. Da safe Turawan suka yi addu'arsu tare da malaman makaranta da nas-nas 'yan kudu, da hantsi kuma aka buɗe ƙofa ga kowa. An zagaye filin da ƙyallaye kore da fari da ja. An yanka sa biyu (Sarkin Fawa da kansa ya yanka, Mista Toni ya kiyaye wannan). Wani tsohon makanike ya rungumi wani abin kiɗa yana matsa shi kamar zugazugin maƙera, masu kalangu suka saurara kaɗan, suka gano inda ya dosa, suka bi shi. Na ga Bature da tumbi yana taka rawar mahauta, na ga matan Fulani sun ajiye ƙoren nono suna dariya har da hawaye. Ga ƙamshin miyar tumatir da tafarnuwa ya cika wurin, ni kuwa da gangan ban karya kumallo ba.

Bayan azahar aka ce za a yi gasa. Mutum shida za su zauna a dogon tebur, a ɗaure musu hannu ta baya, a ajiye wa kowa tasa cike da taliya da miya, a ci da baki kawai. Wanda ya fara share tasarsa zai tafi da rediyo sabuwa dal. Kafin in ce uffan, abokan aiki sun ɗaga ni sama sun dire a kujera. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban yi gardama ba. Na riga na hango rediyon nan a ɗakin amarya. Na dai leƙa rumfar manyan baƙi, na ga hakimi da 'yan rakiyarsa, ba kowa daga Adabka. Dama an ce rafin da ke hanyarsu ya kawo ruwa, ko keke ba ya wucewa. Hankalina ya kwanta.

Aka busa usur, na kifa fuska.

Jama'a, taliya ba tuwo ba ce. Ka kamo wannan, wancan ya zille, ka zuƙo ɗaya, ya tsinke ya mare ka a kumatu. Amma cikin minti ɗaya na gano dabararta: in tura da haɓa zuwa gefen tasa, in zuƙa, in haɗiye ba tauna. Miya ta shiga hancina, ta shiga gira, har cikin gashin nan da nake taƙama da shi. Ina jin 'yan kallo suna kiran sunana, mai kalangu ya matso kaina yana zuga ni, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Can sai na ji ƙarar mota ta tsaya, sai kuma ihun ya fara raguwa, har kalangu ya yi shiru. Wallahi abin da na ɗauka shi ne mamakina ya kama mutane. Sani direban gireda, wanda ke zaune kusa da ni cikin 'yan gasar, ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

“Kai, tada kai ka diba,” in ji shi a hankali. “Malam ya zaka.”

Na ce a raina, ta ina Malam zai zo, rafi cike? Ɗan banza, so yake in ɗaga kai ya wuce ni. Na ƙara nutsa fuska. Da taliyar ta ƙare har tasar na bi da harshe, don kada a ce na bar saura. Sannan na ɗago ina huci, ina jiran tafi.

Malam Haruna yana tsaye a gabana, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Farar riga, farin rawani, carbi a hannu. Kusa da shi Mista Toni ne, bakinsa har kunne. Ashe shi ya tura motar kamfani mai shiga ruwa takanas ta ɗauko dattijon, wai don ya yi mini bazata. A wurinsu, kamar yadda ya yi mini bayani daga baya, ba abin da ke faranta ran uban yarinya irin ya ga saurayinta yana cin abinci da kyau.

“Malam, ka gani?” in ji Mista Toni, yana dukan kafaɗata. “Yaro naka, ci da yawa! Lafiya lau!”

Ya ɗauko rediyon ya danƙa wa Malam, wai shi zai miƙa mini.

Ni dai jikina ne ya yi abin da ya saba. Na zame daga kujera zan durƙusa in yi gaisuwa, na manta hannuwana a ɗaure suke, ga ciki ya yi nauyi. Gwiwa ta taɓa ƙasa, sauran jikin ya wuce gaba. Na tafi da fuska sai a kan farar rigar Malam, daidai gwiwarsa. Da aka ɗago ni, ga hoton fuskata nan ja wur a jikin rigar, har da wurin hanci, da silin taliya guda yana lilo.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Malam ya dubi rigarsa, ya dubi sama, ya ce a kwance mini hannu. Ya ajiye rediyon a gabana, ya ce, “Sannu da aiki.” Ya juya ya nufi rumfa wajen hakimi.

Ban san yadda na isa gida ba. Kwana uku ban fita ba, na aika wurin aiki cewa zazzaɓi nake. Kafin magariba ta ranar ma labarin ya riga ni zuwa, har an ƙara masa gishiri, wai tasa uku na cinye na nemi ƙari. Inna ta leƙo ɗakina ta tsaya tana kallona.

“Shekara guda kana ƙin ruwan gidansu,” in ji ta, “ashe tarawa kakai ka huce rana ɗaya?”

Ta fita tana dariya, ni kuwa kuka ne kawai ban yi ba. Ina son Hajara ƙwarai, kuma na tabbata na rasa ta saboda rediyo.

Ran Juma'a Baffa ya ce shi fa zai je, tunda an yi alkawari, in korar ce ma a kore shi ido da ido. Ya tafi da safe, bai dawo ba sai la'asar. Ya zauna, ya nemi ruwa, ya sha a hankali (Baffa yana son jan rai), sannan ya ce an sa rana, bayan kaka. Na ce ya daina yi mini wasa. Ya rantse, ya kuma maimaita mini abin da Malam ya faɗa, kalma bayan kalma:

“Yaron da anka ɗaure ma hannu, bai ko iya tsayuwa, amma yag gane ni yaz zube garin gaisuwa, wanga yana da kumya. Sai dai cin nan nashi ya ba ni tsoro. Ka ce mai cikin gara zan ƙara dame goma na gero, kada ɗiyata ta wahala.”

Malam kuwa ya cika alkawari. Ranar da aka kawo gara, jakuna biyu daban aka ware don geron, kuma duk garin an san dalili. Mista Toni ya zo ɗaurin aure cikin babbar riga, yana gaya wa kowa cewa shi ya gyara auren nan, ni kuwa ban iya musa masa ba.

Abin da na koya dai shi ne, in za ka nuna wa baƙo surukinka, kada ka tsaya a nuni, ka zaunar da shi ka yi masa bayanin mene ne suruki. In kuma aboki ya taka maka ƙafa a ƙarƙashin tebur, ka daure ka ɗaga kai, ko da rediyo za ka rasa.