Idon Kaka Sixten a Ƙarƙashin Stockholm

"Lafiya lau, 'yar birni, sai gajiya. Ke ce kika yi tsawo haka, ko idona ne?"

"Idonka ne, tsoho. Wannan da kake gaisarwa ginshiƙi ne. Ga ni nan ta hagunka."

Haka 'yata Tuva ta tarbi kakanta Sixten a babbar tashar jirgi ta Stockholm. Ni da shi daga asibitin ido muke. Baba yana zaune shi kaɗai a ƙauyenmu na Jämtland tun rasuwar mahaifiyata Gunvor, kuma a safiyar nan likita ya gaya mana hasken da ya rage masa ba zai kai baɗi ba. Na daɗe ina roƙonsa ya dawo wurinmu, yana cewa shi ba kayan ajiya ba ne. Da muka fito bai ce uffan a kan maganar likita ba. Cewa ya yi a kira masa Tuva, ta nuna masa zanen tashoshin ƙarƙashin ƙasa da take cika masa baki da su.

Muka gangara wata tashar ƙarƙashin ƙasa mai shuɗi da fari, inda aka zana inuwar ma'aikata a bango.

"To ga shi, tsohon daji. A ƙauyenku akwai irin wannan?"

"Rami ne fa. Mu a wurinmu dila ke zama a rami, ku kuma har da shafa masa fenti."

"Ɗaga kai dai ka gani."

Ya ɗaga, ya daɗe yana ƙanƙance ido. "Wancan mai guduma ni ne. Mai zanen ya gan ni ina saurayi, kyauna ya hana shi barci."

"Kai da ƙusa ɗaya ke cinye maka yatsa biyu? Kuma ba guduma ba ce a hannunsa."

"To ya canza ta don hassada."

Tuva ta yi dariya, amma na ga yadda ta saƙala hannunta a nasa kafin jirgi ya iso. Da ni ce na yi haka, da ya fizge.

A tashar Solna muka sauka. Tashar kamar kogo take, jan rufinta ya lulluɓe mu. Baba ya tsaya cak.

"Wa ya cinna wuta a nan?"

"Ni ce. Na ji kana tafe, na ce a gasa min tsoho."

"Haƙoranki ba za su iya ba." Ya ɗaga kai sama. "Jan dai ina ganinsa. Me ke ƙarƙashinsa?"

"Ba ka gani ba? Kai da kake cewa kana hango barewa daga wata ƙasa?"

"Gwada ki nake yi. Faɗa min."

Muryar Tuva ta sauka. Ta ce daji ne kore, ya bi bangon tun daga wancan ƙarshe har wancan, irin itatuwan bayan gidansa. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan dutsen. Ya shafa a hankali kamar mai lallaɓa doki.

"Kakarki ta taɓa zuwa nan," ya ce. "Ta koma gida tana ba ni labarin jan kogo har barci ya kwashe ni. Yau ga ni na zo, ita babu, idon ma ya kama hanya."

Jirgi ya zo ya wuce, ba mu shiga ba. Ni na juya ina karanta allon tasha don kada ya ji numfashina.

Baba ya juya wajen Tuva. "Kuka kike yi, 'yar birni?"

"Warin rigarka ne ya shiga min ido. Tun yaushe rabonta da ruwa?"

"Tun ranar da kika dafa min kofin nan da ya kashe furen kakarki."

"Ka dawo wurinmu mana in riƙa dafa maka kullum, mu ga wa zai riga wani."

"In zauna da ke? Wa zai riƙa nuna min hanya?"

"Ni. Tashoshin nan da yawa, ba ka ga komai ba tukuna. Ni in faɗi abin da ke bango, kai ka ƙaryata ni. Ai aikin da ka fi iyawa ke nan."

Baba ya laluba aljihu, ya ciro makullin motarsa, wadda bai taɓa yarda wani ya tuƙa ba, ko ni. Ya danƙa mata a tafin hannu ya rufe da nasa.

"Wannan akwalar? Ai ta girmi Mama."

"Ta fi ki ladabi dai. Kafin ƙanƙara ta sauka ki zo ki ɗauko ni da ita, ni da kujerar kakarki." Ya yi 'yar dariya, ya goge ido da bayan hannu. "Kin ci, ja'ira. Sai tasha ta gaba."