Igiyar Awon Nura

"...da gajiyar hanya? Ya mutanen Yekuwa, har yanzu kuna cin tuwo ba miya?"

"Lafiya lau muke. Sai kewar bawanmu da ya gudo Bande yana tallan tsummokaran matattu."

Haka suke gaisawa, Manzo mai gwanjo da Hinda. Taubasai ne, uwarta da ubansa ciki ɗaya, kuma dukansu sun haura sittin amma har yau ba wanda ya yi hankali. Ni Ƙasimu tela, kekena yana jikin rumfar Manzo. Abin da ya sayar ya yi wa mutum yawa ni nake ragewa, wanda ya matse in buɗe. Don haka duk abin da aka yi ran nan a kunnena aka yi shi.

Bazara ce, ranar kasuwa, zafi kamar a yi kuka. Hinda ta sauko daga amalanke da ɗan buhu a ka, ta dire shi a gaban tarin wanduna.

"Me kika kawo mini? Yau kin tuna da ubangidanki?"

"Wake ne, tiya huɗu. Wando nake so a madadinsa, na kirki, wanda ba a mutu a ciki ba."

"Ke za ki sa? Dama tun muna yara na ce ke ce namijin gidanku."

"Na ɗana Nura ne. An kira shi koyarwa a lakwal, makarantar bokon Waca, malaminsu ya bar aiki, ranar Litinin zai karɓi aji. Wandonsa biyu. Ɗaya ya yage a gwiwa, ɗayan ya koɗe har ana hango rana ta cikinsa."

Manzo ya yanke tsumman da aka ɗaure bakin buhun da shi, ya zura hannu. Da ya fito da hannun sai ga shi fari fat da toka. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san waken da ake ajiyewa cikin toka ba na tukunya ba ne.

"Hinda, wannan ai iri ne."

"Ni na zuba masa tokar, kai za ka faɗa mini?"

"Hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ruwa ya sauka me za ki shuka, wando?"

"In na shuka wando ya fito, ai kasuwarka ta mutu."

"Mutum ɗan shekara talatin da biyu, da gemu, da mata, da 'ya har tana tafiya, uwarsa ce ke yawon nema masa abin rufe gindi. Goya shi kawai ya rage ki yi, in ba ki zani cikin dilar nan."

"Kai ma sai da aka yi maka aure innarka ta daina share maka majina."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata igiyar rama da ta yi baƙi don tsufa, da ƙulli-ƙulli a jikinta. Na san igiyar nan. Tun Nura yana yaro, kowace shekara gabanin Salla takan zagaya ƙugunsa da ita ta ƙulla, ta zo kasuwa ta gwada a wando. Manzo ya karɓa ya miƙe ta tsakanin hannayensa.

"Ƙullin ƙarshen nan na yaushe ne?"

"Shekarar da ya tafi karatu Damagaram."

"Shekara goma sha biyu ke nan. Makon jiya na gan shi a tasha, furarki ta ajiye masa tumbi. Kin daina auna shi, ba ki daina ciyar da shi ba."

"Ƙarya kake. Duk wandon da na kai masa daidai yake yi masa."

"Tambayi Ƙasimu."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai ina neman zaren da bai ɓata ba. Amma Hinda ta tsare ni da ido, dole na faɗa: duk wandon da ta saya shekarun nan, a ɓoye Nura yake kawo mini in buɗe masa ƙugu, ya roƙe ni kada Inna ta ji, don kada ranta ya ɓaci.

Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin Manzo. Sai dai Hinda ba a kayar da ita ta zauna a ƙasa.

"To, na ji. Kai da ka iya renon 'ya'ya, ina Zubairu?"

Zubairu ɗan Manzo ne na fari. Ranar da ya cika ashirin uban ya ce masa rumbu ya rufe, namiji ya nemi nasa. Yaron ya nema, har Aljeriya. Shekara bakwai ke nan, sai waya ranar Salla, gaisuwa biyu a kashe.

"Zubairu yana cin guminsa," in ji Manzo. "Bai taɓa cin irin kowa ba."

"Madalla. Tashi daga kan jakar da kake zaune."

"Jakata ce."

"Na san taka ce. Duk dilar da ka buɗe, kafin masu zaɓen farko su sa hannu, sai ka zare wandon da ya fi kyau ka cusa a ciki. Wa kake tara wa, aljanu? Ni ko igiya gare ni. Kai da me kake aunawa?"

Manzo ya ɗauki wata riga yana ninkewa, alhali a ninke take.

"Nura ya yi mini nauyi," in ji Hinda, muryarta ta sauka. "Ba zan ɓoye maka ba. Wani lokaci ina kallonsa yana cin tuwona in ji kamar in kore shi. Amma ya yi karatun, aikin ne bai zo ba sai yanzu. Kuma in na yi tari yana ji."

"Ni na saki da wuri," in ji Manzo. "Kullum sai na faɗa wa kaina. Ke kuma kin ƙi saki, har abin da za ku ci baɗi kin ɗauko. In kin faɗi, wa zai riƙe shi?"

Ya tashi, ya buɗe jakar. Wanduna ne a jere, ba tabo ko ɗaya.

"Ba na ciniki da bayina. Ki ce wa ƙaton jaririnki ya zo gobe da ƙafarsa ya gwada, wanda ya yi masa ya ɗauka. Wakenki ki kwashe, yana ɓata mini rumfa da toka. In ruwa ya sauka, Lahadi ba lakwal, shi zai riƙe sungumi ke kina zuba iri. In na ji ke kika yi sara, har Waca zan je in tuɓe shi a gaban yara."

"In Zubairu ya dawo fa?"

"Sai in auna shi tukuna."

Hinda ta yi dariya tana goge ido da bakin mayafi. "Ashe bawa ma yana yin abin kirki in ya tsufa."

Ta sunkuya za ta ɗauki buhun, bakinsa a buɗe, tsumman kuwa Manzo ya yanke shi. Ta duba nan, ta duba can, sai ta zare igiyar daga hannunsa ta naɗe bakin buhun, ta ja ta ƙulle tam.

Na ce, "Hinda, awon Nura ne fa."

"Ta yi masa kaɗan," ta ce. "Kama mini in ɗora."