Hannun da ke Shafi na Sittin da Biyu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Kiɗan Simfoni ta Bakin Nilu, uban makaɗa tamanin da huɗu, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, sunana Ishaq, baduku ɗan baduku daga Damagaram. Karatu ya kawo ni Alƙahira, karatun ya ƙi ni, sana'ar gado ta karɓe ni. Ni ne baƙin dattijon nan da ya shekara ashirin da bakwai yana ja wa manyan tamburanku na tagulla fata. In ba ka tuna ni ba, ma'alish, ba komai, ta ƙofar baya nake shiga.

Na samu littafin tarihinku na cika shekara arba'in. Fatuma 'yata ta karanta mini shi tas, na kuma sa ta maimaita. Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Littafin bai manta kowa ba. Ya faɗi yadda kuka fara da mutum goma sha tara a ɗakin aro. Fiyanon da aka kawo daga Jamus ya ci shafi biyu, fitilun rufi sun ci guda. Ni ma an karrama ni: a shafi na sittin da biyu akwai hoton tambari, a gefensa ga hannuna, daga wuyan hannu zuwa yatsu. Na gane shi da tabon wuƙa. A ƙasa an rubuta, "Kulawa da kayan kiɗa." Ranka ya daɗe, sauran jikin laifin me ya yi?

Na biyu. Kun rubuta cewa a shekarar juyin juya hali ƙungiya ta tsaya da ƙafarta "saboda hangen nesan hukuma". Gaskiya ne, hukumar ƙungiya ta hango nesa, har ta hango filin jirgi ta bi madugun kiɗanku Bature da ya gudu. Kwana huɗu kafin wasan sake buɗe zaure, fatar babban tambari ta fashe, kaya kuma ba sa shigowa daga waje. Ustaz Ya'ƙub, mai kaɗa tamburan, ya zo har unguwarmu Ard al-Liwa idonsa jawur. Na tafi wurin majema na zaɓo fatar ɗan maraƙi ɗanya, na ƙunshe ta na rungumo ta a mikrobas, ƙaramar bas ta haya. Fasinjoji suka toshe hanci, direba ya sauke ni a rabin hanya. Samarin unguwa masu tsare titi da sanduna suka tare ni, ɗayansu ya ce, "Ya Hajj, gawar wa ka ɗauko?" Na ce, "Ta Simfoni ce, za ni in tashe ta." Suka buɗe, wari ya buge su, suka ce, "Yalla, wuce!" Kwana uku ina kankara ina jiƙawa ina ja. Ranar wasa aka tafa muku har minti goma. Na ji tafin ta bango, ya yi daɗi ƙwarai.

Na uku. Bara ƙungiya ta girma har ta fi ƙarfin dabba, kuka koma fatar roba ta Jamus. Ban ƙi ci gaba ba. Amma da na zo ranar Lahadi kamar kullum, mai gadin da muka sha shayi tare shekara goma sha biyar ya karɓe katina yana kallon ƙasa, ya ce, "Khalas, an gama, Amm Ishaq, daga sama ne." Takardar sallama ma ta fi ƙarfinku? Ko ita ma daga Jamus ake jiran ta?

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan Sallah zan koma gida. Shekaru ina aika wa 'yan'uwana labarin cewa manyan Masar suna sa kwat su zauna shiru don su saurari aikin hannuna. Yayana Jibrin cewa yake ƙarya ce, wanke-wanke nake yi a otal. Da me zan ƙaryata shi? Ban taɓa zama a zaurenku ba, ko sau ɗaya. Ba na neman lambar yabo. Kujera biyu nake roƙo ranar Alhamis, a bikinku na cika shekara arba'in, ni da Fatuma, ko bayan ginshiƙi ne. Ita za ta ɗauki hoto, da kaina a ciki.

In babu hali, tamam. Sai dai amana ta sa in sanar da kai wani abu. Ustaz Ya'ƙub ya ce robarku ƙarar bokiti take yi, kuma ba zai yi bikin arba'in da bokiti ba. Makon jiya ya kawo mini zoben da ke riƙe fatar babban tambari a tasi, na ja masa fata ta ƙarshe, ya mayar ba wanda ya lura. Saboda haka in manyan baƙi suka yaba zaƙin sabuwar fasahar Jamus, don Allah ka karɓi yabon da hannu biyu. Ɗan maraƙin ba zai yi magana ba.

Naka mai biyayya, mai durƙuso tun daga ƙofar baya,

Ishaq Baduku
Ard al-Liwa, Giza
Satumba 2014