Rasuwar Dattijo, Janaretan da Ya Daina Hayaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da shiru ya dama, mai shagon yankan katako na bayan layi yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar janaretansa, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika a bakin aikinsa, zarto yana tsakiyar katako.

Marigayin dattijon kirki ne. Bai taɓa sanin hutu ba, kuma da "gur-gur-gur" yake gaida maƙwabta ko sun so ko sun ƙi. Tun tasowarsa bai kurɓi komai ba sai dizal tsantsa. Aibinsa ɗaya, hayaƙi. Baƙi ƙirin yake fesawa ta tagar ɗakin uwargida, wadda ke fama da asma, har likita ya ce a zaɓa, ko ƙirjinta ko injin.

Maigida ya ji zaɓin ya yi masa tsauri, don ya saba da su duka biyun. Sai ya nemo dabara. Ya ji an ce idan aka gauraya dizal da itanol, wato barasa tsantsa, hayaƙi na raguwa. Haka aka koya wa Dattijo shaye-shaye da furfurarsa.

A gaskiya maganin ya ci. Hayaƙi ya washe, uwargida ta fara shanya fararen kaya. Amma ƙarfin marigayin ya ragu, ƙishirwarsa ta ƙaru, da safe sai an yi ta lallashi kafin ya tashi, yana "kwas-kwas" kamar mai neman gafara. Da maigida ya ga matarsa ta hau bene ba ta tsaya hutawa ba, sai ya ƙara awon barasar. Ashe barasa ba ta da maiƙon da famfon mai ke buƙata. Ta cinye robobi, ta jawo ruwa cikin tanki, ta rabu da dizal kamar auren da aka ɗaura ba shaidu. Maigida kuwa da launin hayaƙi ya saba gane lafiyar Dattijo. Da hayaƙin ya tafi, sai ya ɗauka lafiya ce.

Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "tuf".

Ya rasu ya bar zarto maraya, jarkoki da dama, bakaniken da ya gina gida a kan jinyarsa, da uwargida, wadda ke numfashi lafiya lau, kuma har yanzu ba a ga hawayenta ba.

Ba za a yi masa wanka ba, domin an gwada yana raye bai fita ba. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da sikeli bayan la'asar, daga nan a raka shi zuwa makwancinsa a kan amalanke. Za a karɓi gaisuwa a shago. Masu yi wa uwargida barka su bi ta ƙofar baya, su kuma rage murya.