Ayarin da Ya Ƙi Wuce Kafinsoli

"…lahiya lau, angona. Ina sauran ayarin? Ko kura ta cinye su?"

Sodangi bai ɗaga kai ba. Muryar jikarsa Ma'u ce, wadda ta zo ganin gida daga Kankiya, ya kuma san tsiya ce ta kawo ta ba gaisuwa ba.

Tun da aka cire gyaɗa tsohon ya ƙago wa jikokinsa wani wasa a gindin tsamiyar ƙofar gidansa a Kusada. Da yake ya yi fataucin goro da ƙafa a samartakarsa, sai ya zana hanyar Gwanja a ƙasa, ya jera tsakuwa a matsayin jakuna, ya ce wannan ne madugu, wancan jagaba mai duba hanya. Shi ke faɗin abin da ya tari ayari, su kawo dabara, a watsa wuri, kuɗin mutanen da, a ga ko dabarar ta ci. Da farko har dambe ake yi a kan wurin zama. Kwatsam maƙwabcinsa Ɗanmaliki ya dawo daga Kaduna da kuɗin ƙarin albashi na Udoji da rediyo mai kaset, yara suka sulale zuwa shagonsa. Yau tabarmar daga shi sai tsakuwa. Abin yana cin ransa ba kaɗan ba, don tun rasuwar tsohuwarsa wannan zama na la'asar ne kaɗai ke sa a neme shi.

"Ga kurar nan ta iso da ɗankwali," in ji shi. "Mi kike nema, ke da na saka tun bara?"

"Saki? Ni na gudu, na gaji da tauna wa miji goro. Ina ayarin ya kai?"

"Kafinsoli."

"Kafinsoli! Tun kaka? Yo mai tallan nono tana zuwa ta dawo nononta bai yi tsami ba!"

"Ke mi kika sani? Fatauci ba gudun tsere ba ne. Sai an ɗaure mangala, an duba kofato…"

"An ba ni labari. Yau a ɗaure mangala, gobe a kwance don ba ta ɗauru ba. Jikanka Kabo ya ce jakinshi ya tsuhwa ya mutu, jikan jakin ke ɗaukar kaya, har yau ba su ga ko ɓarawo guda ba."

"Ɓarayi suna gaba!"

"Sun gaji da jira, sun tahi Ikko sauke siminti."

"Ji bakin awa na tsohuwar tsaka. Wallahi wanda ya kwashe ki ya kwashi kara da kiyashi."

"Ya hi wanda ke ba tsakuwa labari tana gyangyaɗi. Miƙo wurin nan in nuna maka."

Bai miƙa ba, ita ta fizge. Ta juya wajen shagon Ɗanmaliki ta ƙwala kira: "Kabo! Fadimatu! Kogi ya kawo, jakin Kabo ya zurma har wuya!"

Sai ga ƙura. Kafin Sodangi ya gyara hula tabarma ta cika.

"Madugu, kaya ko jaki? Kahin in tahwa hannu!" in ji Ma'u.

"Jaki!" in ji Kabo. Ta watsa wuri, suka kife, aka sa ihu: igiya ta tsinke. Fadimatu ta ce a jefa rawani a madadin igiya. Aka watsa, ya ci. Da Ma'u ta ga suna haki sai ta sauke su zango, ta bar su suka yi gardamar wanda zai yi gadi. Ido na fara komawa wajen rediyo ta rage murya ta ce jakuna sun ɗaga kunne, wani abu yana motsi a bayan geza.

"Ka gani, tsoho? In ido ya soma yawo ka sako masu bala'i. In sun jigata ka ba su ruwa."

"Da wannan gaggawa jibi kun isa Gwanja," in ji Sodangi.

"To, ba can za a ba?"

"In an isa, sai mi?"

Ya so ta fito da zolaya, amma muryar ta ci amanarsa. Ma'u ta dube shi, tausayi ya kama ta, sai dai ba ta bari ya gani ba.

"Haba, angon banza! Kai da ka je, can ka tare? Ba dawowa za a yi ba, da goro ɗanye, damina ta tare hanya, kowane ɓarawo ya ji ƙamshi? Ai dawowar sai ta kai mu baɗi. Wa ya san ta in ba kai ba?"

Tsoho ya fashe da dariya har da tari. Ya zaro goro daga aljihu ya ɓare, ya ba ta babban ɓarin.

"Na sallama, ja'ira. To ni mi zan zama?"

"Tsohon jakin nan mai tirjiya."

Fadimatu ta cafke hannun rigarsa tana ja da ƙarfinta. "Kaka, tashi! Zaki ne, kai zai soma ci!"

Sodangi ya ɗauki tsakuwarsa ya tsallake Kafinsoli da gudu.