Ƙaguwata Ta Zama Shaidar Cigaba

Jama'a, yau da safe na sauko daga gado, sai na ji ni cikin teku. Takalmina ɗaya har ya riga ni fita, kamar mai saurin zuwa coci.

Ban bi ta kansa ba, na ruga bayan ɗaki wurin ƙaguwata. Kun dai san ƙaguwar fadama ba a cinta daga kamu, sai an tsare ta a keji ana ɗura mata masara da kwakwa har cikinta ya wanku. Tun farkon azumi nake wannan bauta, don surukata Doña Eduviges za ta zo cin Ista, matar da ke jin warin taɓo a miya tun daga tasha. Na tarar keji ya kife, ƙaguwoyin duk sun gudu, ko ƙafa ɗaya ba su bar mini ba.

Da can ruwa bai san ƙofata ba, fadama da itatuwanta ke shanye shi kamar soso. Sai Masu Girma Iyayen Cigaba, Allah ya ƙara faɗin tumbi, suka tausaya mana kan sauro. Suka sare, suka cike, suka malala kwalta, suka gina unguwa wai ita Aljannar Fadama. Sauro ya yi godiya, ya tare a ɗakina. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Namu tsuntsun yana saman bene yana shan iska.

Maƙwabciyata Nereida ta leƙo, siket a naɗe.

"Ke uwar marayu, 'ya'yanki na can Aljanna, sun yi layi!"

Na ɗauki bokiti. Ga ƙaguwoyina kuwa kan kwalta, suna kewaya motar wani Babba, suna neman ramukan kakanninsu. Mai gadi ya tare ni, Casimiro, yaron da ni na riƙe ran baftismarsa.

"Inna, an hana. Maigida ya ce shaida ce muhalli ya farfaɗo. Gobe zai ɗauki hoto da su."

"Kai mai kunnen faranti, masarata ce a cikinsu!"

"To kira su da suna, Inna. Wadda ta amsa, taki ce."

Shi ke nan, Doña Eduviges za ta ci kifin gwangwani, ta yi ta yawo da sunana har Kirsimeti. Na yafe, tunda Fadan cocinmu ya ce yafiya dole ce. Har shawara na bayar kyauta: babbar ƙaguwar nan mai ƙaton hannu, a ce wa Mai Girma ya riƙe ta ta gaba, kusa da hanci. Ta fi kyau a hoto.